Matafiyin da Ke Kwana a Zaure

Zuwa ga Mai Girma Yayana, Yaya Mannir, mazaunin ƙasar Ingila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ƙane ke durƙusawa ya miƙa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyi, ya baƙunci. Inna tana gaishe ka. Kawu Dikko yana gaishe ka. Ƙofar Kwaya gaba ɗayanta tana gaishe ka, kuma ta wakilta ni in miƙo maka tambayar da ta gaji da yi mini.

Ka yi mini afuwa da na ɗauko maganar cikin gida na shimfiɗa ta a shafin jarida. Wasiƙun da na jefa a gidan waya sun tafi, ko ƙurarsu ba ta dawo ba. Wayar gidan Alhaji maƙwabcinmu kuwa na zauna gadinta har matan gidan sun fara zuba abinci da ni ba tare da an tambaye ni ba. Tunda ka taɓa cewa wannan jarida takan faɗa hannun 'yan Najeriya a can ko da ta kwana biyu a hanya, to ga ni a cikinta. Masu karatu kuma su zama shaidu.

Ga tarihin ƙarar da nake shigarwa. Ana tsakiyar hayaniyar zaɓe kaset ɗinka ya iso ta hannun wani ɗan kasuwa. Muka taru a tsakar gida, aka sa wa rikoda sabon batir, ka gaida kowa da sunansa har da na goye. Can kusa da ƙarshe ka ce: “Rabe ya fara shiri. Na yi masa maganar makaranta, takardar gayyata na nan tafe.” Kalmomi ne ƙalilan, Yaya, amma sun tumɓuke bawan Allah guda daga mazauninsa.

Na fara shiri kuwa, shiri na ƙasaita. Na yi fasfo. Na ɗauki hotuna har mai hoton ya daina ce mini in gyara wuya, da na shigo sai wuyan ya gyaru da kansa. Na je asibiti aka auna ƙirjina da jinina, aka ba ni shaidar cewa ni lafiyayye ne, abin da ban taɓa shakka ba sai da na ga tsawon layin. Na tattaro takardun makaranta tun daga firamare, na sa aka buga musu hatimi, na naɗe su a leda saboda damina. Na tambayi waɗanda suka taɓa zuwa Legas neman biza, suka koya mini yadda ake tsayuwa gaban tagar ofishin jakadanci: kada ka yi dariya, kada ka ɗaure fuska, kada ka yi rantsuwa. Kuma duk bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa in babu takardar wanda zai karɓe ka, ko ƙofa ba za ka wuce ba.

Na shiga wajen 'yan gwanjo na sayi rigar sanyi mai kaurin katifa. Na gwada ta da tsakar rana a watan bazara, mai kayan yana ta zuga ni cewa na fito Bature sak, ni kuwa gumi na bin bayana har cikin takalmi. Na durƙusa gaban murhun Inna ina koyon tuƙa tuwo, tunda an ce a can kowa shi ne kukun kansa. Tuwon farko da na tuƙa, akuyar gidanmu ta shinshina ta kau da kai cikin ladabi. Na koyi cin shinkafa da cokali mai yatsu, wanda a fahimtata an ƙirƙiro shi ne don a wulaƙanta mai jin yunwa.

A cikin wasiƙun da ba ka amsa ba na jero maka tambayoyi masu nauyi. Shin in taho da buta, ko ana samunta a can? Ɗakin da zan sauka, ina alƙiblarsa? Da gaske ne rana takan ƙi faɗuwa har mai azumi ya fita hayyacinsa? Nawa ne nauyin kayan da jirgi ke yarda mutum ya ɗauka? Ɗalibi yana iya ɗan taɓa aiki, ko kama shi ake yi? Naman da za a ci, wa ke yanka shi? Waɗannan ba tambayoyin wasa ba ne, ginshiƙan zaman ɗan Musulmi ne a baƙuwar ƙasa. Shiru.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Babbar musibar ita ce sallama.

Ka tuna yadda ka tafi. Zamanin soja ne, kowa na tsoron baki da ido, ka fita da asuba da jaka ɗaya, daga Inna sai ni muka sani. Kai ka tsira, ita aka bari da dangi. Shekara da shekaru, duk bikin da ta je sai an sami mai ce mata, “Ɗanki ya tahi bai yi muna sallama ba, ko mu mayu ne?” Ba ta taɓa gaya maka ba. Saboda haka ran da muka gama jin kaset ɗinka ta dube ni ta ce, “Kai kam ba za ka sulale ba. Gida gida za ka bi, ka nemi gafara, a sa maka albarka.” Na ce a bari takarda ta zo tukuna. Ta ce Mannir bai taɓa yi mata ƙarya ba, in ya ce tana tafe, to tana tafe, kuma dangi sun yi yawa, in aka jira ba za a gama ba.

Na sa babbar riga na ɗauki hanya. Na fara da dangin marigayi Baba a Ƙofar 'Yandaka, na bi lungu lungu, na gangara har Batagarawa wajen Gwaggo Yalwa. Ko'ina na durƙusa na ce a yafe mini. An yafe mini laifuffukan da na yi, an yafe mini waɗanda ban yi ba. Wani tsoho ya yafe mini satar mangwaron da na tabbata kai ka yi ta. Malamin allonmu ya tofa mini addu'a a ka. Gwaggo Yalwa ta rungume ni tana kuka, tana cewa ta san ba za mu sake ganawa ba sai a lahira.

Kuma ka san mutanenmu, ba a sallamar matafiyi hannu sake. Kowane gida aka ce, “Ga wannan ka kai wa Mannir.” Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yajin ƙuli, kilishi, man shanu a kwalba, turaren wuta, tabarma, har da hular da aka yi wata da watanni ana ɗinka maka. Na yi bayani cikin Hausa mai kyau cewa jirgin sama ba motar kasuwa ba ce, aka ce ai ɗan kaɗan ne. Ɗan kaɗan ɗin nan yanzu ya kai tsayin ƙirjina.

Da na gama da dangi sai na juya kan dukiyata. Na ajiye aikin koyarwa, aka yi mini walimar ban kwana, hedimasta ya yi jawabi ya kira ni jakadan makaranta. Kekena na ba wa ladanin unguwa sadaka. Ɗakina kuwa Inna ta ba wa Bishir ɗan Kawu, wanda aurensa ya matso, tunda ni mai tafiya ne. An yi fenti, amarya ta tare. Ni da kayan saƙo muka koma zaure, na wucin gadi.

Yaya, soja sun miƙa mulki. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna cewa za su tafi, suna ɗaga rana, suna sake ɗagawa, sun tattara sun koma bariki. Farar hula sun hau, an yi rantsuwa, damina ta sauka, an yi shuka, gero ya yi kai, an girbe. Ni kaɗai ne a faɗin tarayyar nan na yi alkawarin tafiya ban cika ba. Abokaina na majalisa sun raɗa mini suna Shirin Miƙa Mulki. In na doso sai wani ya miƙe ya sara mini, ya tambaya ko an sake ɗaga ranar.

Ba ka san azabar zama a garin da ka riga ka yi wa sallama ba. Kashi ɗaya na mutane suna ganina su ce, “A'a, wanga yaro, ba ka tahi ba? Mi ya hana?” Kashi na biyu sun fi haɗari, su ne masu cewa, “Maraba da mutanen Ingila! Yaushe a gari? Lallai ka yi haske!” sannan su miƙo hannu a ba su tsaraba. Na fara sauya masallacin Juma'a kamar mai gudun sammaci. Ran sunan jikar Kawu na yi kiciɓis da Gwaggo Yalwa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “To ni dai na riga na yi kukana, ba ni da wani.”

Hedimasta ya ɗauki wani a gurbina. Ladan yakan wuce ni a kan kekena ya buga mini ƙararrawa. Shaidar lafiyar da asibiti suka ba ni an ce tana da wa'adi, ta kusa mutuwa alhali ni ina raye. Daddawar dangi ta mamaye zauren nan har baƙon da ya yi sallama yakan ja da baya ya ƙarasa gaisuwarsa daga waje. Kilishin kuwa ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa ya riga mu gidan gaskiya. Na ga alamar zai lalace, na cece shi.

Yanzu ga inda wasa ya ƙare. Kawu Dikko, da yake iskar siyasa ta kaɗa ta wajensu, ya samo mini gurbin akawu a Batagarawa. Ya ce zai iya riƙe mini kujerar zuwa kamawar watan azumi, daga nan masu nema sun fi ƙarfinsa. In na karɓa, na zauna ke nan, don ba zan sake ajiye aikin da dattijo ya zubar da girmansa ya roƙo mini ba. In na ƙi, takardarka kuma ba ta zo ba, na tashi babu makaranta, babu aiki, babu ɗaki, babu keke. Watan nan kuwa ba jira zai yi ba.

Bari in sauke babbar rigar nan in yi maka magana kamar ƙanenka.

Na sake sauraron kaset ɗin ni kaɗai. Ranar farko murna ta toshe mini kunne. A wannan karon na ji tarin da kake yi tsakanin gaisuwa da gaisuwa. Na ji inda ka tsayar da naɗin ka sake kunnawa, muryarka ta dawo a dishe. Na ji ka ce “muna nan lafiya” har sau nawa, fiye da yadda mai lafiya ke buƙatar faɗa. Na kuma ɗauko hoton da ka aiko, wanda ka jingina da jar mota. Hannunka bai taɓa motar ba, Yaya. Kuma rigar da ke jikinka ita ce wadda ka fita da ita daga gidan nan.

Kai ne ka riƙa goya ni a keke zuwa makaranta, kana karanto mini manyan kalmomi daga ƙamus ɗin Baba, kana cewa in maimaita. Duk wannan fankamar bakin da ake yi mini dariya a kanta, a bayanka na koye ta, ina riƙe da rigarka. Ran da na faɗi jarrabawa kai ka tare ni a zauren nan ka ce, “Faɗi gaskiya tun da wuri, ta fi sauƙin ɗauka.” Yau ni ke mayar maka da ita. In ɗakinka ba zai ɗauki mutum biyu ba, faɗa mini. In makarantar ta ƙi, in aikin ya tsaya, in kai ma takardunka ne suka rikice, faɗa mini. Wallahi ba zan rage maka girma ba ko da ƙwayar gero. Ba Ingila ce ta sa nake kiranka Yaya ba.

Inna kuwa tana ta hidimarta kamar kullum. Amma kwanakin baya na ji miyar gidanmu ta sauya ɗanɗano, na duba kayan saƙo na tarar an kwance ƙullin kukar Gwaggo Yalwa. Na tambaye ta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “In takardar ta zo a daka wata.” Ita ce fa ta ce ba ka taɓa yi mata ƙarya ba. Har yanzu takan sa in kunna mata kaset ɗinka bayan la'asar, amma da an zo wajen maganar shirina sai ta ce in mayar da shi farko, inda kake cewa, “Inna, ina wuni.” Nan take amsa maka, a fili, kamar kana tsugunne gabanta.

Saboda haka buƙatata ɗaya ce, kuma kafin a ga watan azumi. Ka aiko da takarda, ko ka aiko da gaskiya. Kowacce ta zo zan karɓa hannu biyu. In takarda ce, ga rigar sanyi, ga buta, ga ni. In gaskiya ce, zan sake sa babbar rigata in bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, daga Ƙofar 'Yandaka har Batagarawa, in mayar wa kowa ƙullinsa, in ce na dawo. In an tambaye ni labarin Ingila zan ce akwai sanyi, kuma Mannir yana gaida kowa. Ba wanda zai ji wani abu bayan wannan daga bakina.

Allah ya tsare mana kai a inda ba mu gani. Allah ya yaye maka abin da ka kasa faɗa, ya warkar da tarin nan, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya jiƙan Baba, ya ja kwanan Inna har ta amsa gaisuwarka ba ta bakin rikoda ba. Amin.

Naka har kullum,
Ƙanenka Rabe,
Jakada mai jiran gado, mazaunin zaure, Ƙofar Kwaya, Katsina.