Tarun da Ka Aiko Daga Fatakwal

Kafanchan,
9 ga Janairu, 1975.

Zuwa ga maigidana, Baban Hellen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya zafin Fatakwal? Mu nan lafiya lau. Hellen ta fara haƙori, ni kuma an koma makaranta, aji uku suka ba ni bana.

Kayan da ka aiko ta jirgin ƙasa sun iso. Na gode da atamfa. Amma buhun nan, Wilfred, me na yi maka? Ina kwance bakinsa sai da na fita waje na tofar da yawu. Ƙarni ya kama ɗaki har labule. Ka ce taru ne da kuka ƙwace daga jirgin masunta a teku, don idonsa ya yi ƙanƙanta, yana kwashe har 'ya'yan kifi, doka kuwa ta hana. To in doka ta hana, me ya kawo shi gidana? Na ɗauka ƙonawa kuke yi. Wai in yi wa kaji shinge da shi! Kajina sun fi ƙarfin wannan wari.

Allah ya taimake ni ƙaninka Meshak ya zo daga Madakiya, ya ce ka rubuta masa ya ɗauka. Ban tambaye shi komai ba, na taya shi ɗaurewa a keke ina murna.

Babana yana gaishe ka. Har yanzu sandarsa mai ɗaurin ciyawa tana kafe a bakin gurbin kogin Madakiya, ba mai jefa ko ƙugiya sai ya cire ta bayan bikin Ista, ranar su, gari duka a shiga kamun kifi tare. Ya ce in faɗa maka ku ci gaba da auna idon taru da ƙarfe, shi yatsunsa biyu sun ishe shi.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Matarka,
Afiniki.

Kafanchan,
12 ga Fabrairu, 1975.

Baban Hellen,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ni dai jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Jiya aka aiko in je Madakiya. Tun ban kai bakin kogi ba wari ya tare ni a hanya. Ashe ranar Lahadi, gari duka ana majami'a ana sujada, Meshak da abokansa biyu suka ja tarunka daga wannan gefen gurbi zuwa wancan. Ko sandar Baba ba su kalla ba. Manyan kifayen suka kai kasuwa. Ƙananan kuwa, waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, suka zazzage su a kan dutse suka tafi, don ba mai saye. Wilfred, tsibi guda! Kwana biyu a rana, ƙudaje sun rufe su baƙi ƙirin, ungulaye suna tafiya a kai. Na yi amai a gaban mutane, ban ma ji kunya ba.

Na sami Baba zaune da tarun a cinyarsa, yana ƙoƙarin tura yatsa a idonsa. Ya ɗago ya ce mini, “Afiniki, ko ƙaramin yatsa bai shiga. Wane irin mutum ne ya saƙa wannan?” Ban iya ce masa surukinsa ne ya aiko ba.

Yanzu gari ya ɗauka cewa Baba Kumai ya buɗe wa surukansa gurbi a ɓoye. Dattawa za su zauna, ana maganar karɓe sanda daga hannunsa. Shekara talatin yana riƙe da ita, ko kifi ɗaya bai taɓa ci kafin ranar su ba.

Meshak ko a jikinsa. Yana yawo da wasiƙarka a aljihu, wai kai ka ce taru mai kyau ne, kada a bar wa kaji. Ka rubuto ka ce mini ƙarya yake yi. Ina roƙon Allah ƙarya yake yi.

Matarka,
Afiniki.

Kafanchan,
6 ga Maris, 1975.

Wilfred,

Ina gaisuwa. Hellen lafiya.

Wasiƙarka ta zo, sau uku na karanta ina neman wurin da ka ce ka yi kuskure, ban gani ba. Wai dokar ta teku ce, ba ta shafi kogin ƙauye ba, saboda haka ba wanda ya yi laifi. Kuma wai in yi shiru da inda tarun ya fito, kada aikinka ya sami matsala. Tir! Kai da kake cika mini wasiƙa da yadda kake hawa jiragen mutane kana yi musu wa'azi a kan kifin gobe. Ashe namu kifin ba shi da gobe. Ni ce fa nake koya wa 'yan aji uku cewa ruwan nan namu Binuwai yake shiga, ya gangara har tekun da kake gadi.

Ban yi shiru ba. Ranar Asabar na tsaya gaban dattawa na faɗi komai, har da cewa da hannuna na taya Meshak ɗaurewa a keke. An bar wa Baba sandarsa. Amma ya ce ba zai cire ta bana ba, baɗi ma haka, don ba abin da ya rage a ruwan sai kwaɗi. Ista biyu ba kamun kifi a Madakiya. Matan zumuntar majami'a da muka taso tare yanzu da ƙyar suke amsa gaisuwata, ban ga laifinsu ba.

Tarunka yana jirgin ƙasa na gobe. Ban wanke shi ba. Na zuba mudu ɗaya na 'ya'yan kifin da na tsince a kan dutse na ɗinke bakin buhun. Adireshin ofis na rubuta, ba na gida ba, da sunanka da manyan baƙaƙe. Ka buɗe shi a gaban abokan aikinka, ka ɗauko ƙarfen nan naka ka auna.

Allah ya gafarta mana duka. Har yanzu matarka ce,
Afiniki 'yar Kumai.