Gurbin Hassi a Turmi

Daren Talata, Lambara.

Yau Inna ta sa ni surfen gero. Rabona da taɓarya tun ranar da kwalekwale ya kife da 'yan matan unguwarmu, har da Hassi da Balki, abokan lugudena.

Ina cikin daka Inna ta leƙo. "Ke ɗiyata, mi yas same ki? Ki buga ɗaya ki tsaya?"

Na ce ba komi. Ashe in na buga, hannuna kan dakata, yana jiran su buga nasu.

Ban yi kuka ba. Har yau ya ƙi zuwa, ni kuma na daina nemansa.

Inna ta ɗauko taɓarya ta shiga gurbin Balki. Na Hassi muka riƙa tsallake shi, har geron ya surfu.