Munduwar Inna

Daren Laraba, Fagge, daminar 1956

Da na sani da ban ari munduwar Inna ba.

Yau na koya wa 'yan ajina yadda ake gane ƙarfe: a auna nauyinsa, a tsoma shi cikin kofin awo a ga inda ruwa ya tashi, wannan shi ne girmansa, sai a raba nauyin da girman. Don burga na tafi da munduwar zinariyar da marigayi Baba ya kawo wa Inna daga Makka. A wannan lissafin, zinariya ta gaske sha tara da ɗoriya take bayarwa. Tamu ta ba da takwas da rabi. Sau uku ina sakewa. Tagulla ce aka yi wa ruwan zinariya. Na ce wa yaran sikelin ne ya lalace. Ni malami guda, na yi wa sikeli ƙazafi.

Da na dawo Inna ta karɓa tana gogewa da bakin zanenta. "Sun ga tsarabar Alhaji? Ai ko nauyinta ka ji ka san ba wasa ba." Na ce, "Sun gani, Inna."

Shekara ashirin tana ɓoyonta a ƙasan adaka. Baba cutarsa aka yi, ko kuwa ya sani? Abin da ya hana ni cin tuwo ke nan, kuma ba wanda zan tambaya.

Ran Asabar za ta kai ta wurin maƙerin zinariya a Sabon Gari, a narka a yi wa jikokinta 'yan kunne. Ta ce ni zan raka ta, tunda na yi boko ba wanda zai cuce ta.