Giwar da Ta Taka Baba a Gonar Karaye

Zuwa ga Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can inda ka zaɓi zama. Ƙanwarka Kulu ce. Tunda saƙon baki bai taɓa samun amsarka ba, na rubuta a inda kowa zai karanta.

Ka tuna kakar da giwaye suka ɓullo daga dajin kudu da Karaye, tun muna ƙarƙashin tsohuwar jihar Sakkwato? Dawa ta nuna, saura yanka. Da hantsi suka shiga gonarmu, abin da ba su ci ba suka tattake. Baba ya ɗauki garwa yana bugawa don ya kore su. Wata mai ɗa a gindinta ta juyo kansa.

Ni na kai masa fura ranar, Yaya. Ni na gani. A tabarma aka tattaro shi.

Kai kana Jega, sabon ma'aikacin gandun daji. Ka iso bayan an rufe shi, cikin kakinka, ka tarar maharba sun taru ƙofar gida da bindigogi. Ko zama wurin makoki ba ka yi ba, ka tsaya gabansu ka ce duk wanda ya harbi giwa sai kurkuku, doka ce daga Sakkwato.

Inna ta fito ko mayafi babu, ta ce, "Tahi ka yi ta'aziyya wurin giwayenka." Ka tafi kuwa, ba ka sake tako garin ba.

Giwayen suka ci gonakin mutane har suka gaji, suka koma da ƙafarsu. Shekarar nan dusa muka ci. Dokarka ba ta aiko mana ko zangarniya ba. Yanzu jikokina kan nuna mini giwa a waya, wai in ga kyau. Nakan tashi in bar musu ɗakin. Na tsane ta, kuma na daɗe ina haɗa ka da ita.

Amma ka sani, da Inna ta kwanta ciwon ajali, kullum aka kwashe tuwo sai ta ce, "Ku aje ma Sanda nashi." Muka yi ta ajiyewa yana kwana.

Mu biyu muka rage, Yaya, gwiwoyina ma sun fara ƙi. Giwa ba zan yafe mata ba. Kai ka zo, ko faɗa ne mu yi shi ido da ido.

Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya sa ka same ni da rai.

Ƙanwarka,
Kulu