Irin Gyaɗata Bai Tsiro Ba, Kotu Ta Ce Ba Zamba Ba Ce

Zuwa ga Mai Shari'a da ya saurari ƙarata,

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne manomin nan na Gafasa da ka sallami ƙararsa bayan kaka. Na rubuto a fili ne don abin da ya cinye ni bai ƙoshi ba.

Na farko. Da farkon damina na sayi irin gyaɗa tiya goma sha biyu a kasuwar Ajingi, hannun wani mai sayar da iri. Ya rantse min na bara ne. Na shuka gonata, wadda ita kaɗai nake da ita, kuma da ita nake ciyar da mutum tara. Ruwa ya sauka yadda ake so, gonakin maƙwabta suka yi kore shar, tawa kuwa sai tsiro ɗai-ɗai kamar haƙoran tsoho. Daga baya na ji cewa gyaɗar ta shekara uku a ajiye.

Na biyu. Ka bayyana min cewa a shari'a, ba kowace asara ce zamba ba. Sai an tabbatar mutum ya faɗi ƙarya, ya san ƙarya ce, kuma ya yi niyyar cuta. Na fahimta, ranka ya daɗe. Amma zuciyar mutum birninsa, ni ta wace ƙofa zan shiga in ɗauko maka niyyarsa? Shi dai mai irin ya ce haka aka sayar masa, maganar ta mutu a nan.

Na uku. Ka nemi ragowar irin a gwada. Mu a nan, abin da ya rage bayan shuka soyawa ake yi a raba wa waɗanda suka taya aiki. Shaidata mun cinye ta a bakin gona, har muna sa wa mai irin albarka. Mutum biyun da suka ji rantsuwarsa kuwa, ɗaya surukinsa ne, ɗayan a bayansa yake sallah. Duk sun ce ba su tuna ba, kuma ban ga laifinsu sosai ba.

Ban ce ka yi zalunci ba, dokar ka bi. Abin da ke ci min rai shi ne dokar ta fi sanin yadda za ta kare shi fiye da yadda za ta kare ni.

Roƙona guda ne, ko da yake ban sa rai ba: a tura wani ya bi kasuwanninmu kafin shuka, ya faɗa wa manoma abin da kotu ke kira zamba, su riƙa ajiye ko cikin tafin hannu na iri. Mai irin nan ya riga ya fara jera buhuna. Ni dai bana ba zan saya ba, domin makon jiya na ba da gonar jingina na auno dawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Wassalam.

Haladu, daga Gafasa