Kwalbar da aka rubuta da fensir

Bulabulin, Maiduguri
9 ga Yuli, 2013

Maman Phoebe,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Yola, yaya ƙafar Phoebe? Tunda har yau ba a maido layin waya ba, na ba direba Ya'akubu wannan takarda.

Ni lafiya lau, amma na yi ɓarna. Kin san 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan nawa dangin buzuzu, masu zama ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, waɗanda kike kira kishiyoyin barkono don ƙanƙanta. Zafi ya shanye sipirit ɗin kwalabensu, sai na ƙara da na kemis. Kwana biyu tawadar duk takardun da ke ciki, masu nuna inda aka kama su, ta narke. Alƙalamin nan ne da nake taƙama da shi, wai ba ya wankuwa.

Ƙwaron da ba a san inda aka kama shi ba, ba shi da amfani a wurinmu. Kuma da wannan rikici, wa zai koma kan dutsen garinku yanzu ya kamo wani? Aikin shekara tara, Agnes. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Mijinki,
Manasse

2 ga Agusta, 2013

Maman Phoebe,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Takardarki ta iso. Na ji ƙanenki Jonathan ya ce babu kowa a Girzama yanzu, har tsofaffi sun sauko. Allah ya ba ki haƙuri, garin haihuwa ba wasa ba ne.

Na bi kwalabe ɗari biyu da goma ɗaya-ɗaya. Bakwai sun tsira. Kin tuna hutun da muka je gidanku, na manta alƙalamina, kika rubuta mini da guntun fensir ɗin 'yan ajinki? Na yi ta tsokanarki, wai aikin jami'a da kayan firamare. To, fensir ba ya narkewa. Na haɗiye dariyata.

A ɗaya daga cikin bakwai ɗin akwai wani mai gaɓa tara a siraran ƙahonnin kansa, alhali 'yan uwansa goma sha ɗaya ne. Sati uku ina duba shi a madubin ƙara girma da littattafai, ban ga an taɓa rubuta shi ba. Wanda ya fara bayyana ƙwaro shi ke raɗa masa suna, kuma muddin shi ne na farko, sunan ya zauna.

Da na so in sa naki, amma na san ki, za ki ce ke ba ƙwaro ba ce. Na sa abin da hannunki ya rubuta a takardar: Girzama, bayan rijiya.

Ki gaya wa Babanki, sunan garinsa ya zauna. Ina kewarki sosai.

Mijinki,
Manasse