Kada Ki Zubar da Ƙwan Nan

Maman yara,

Na fita kina barci, motar kasuwa ba ta jira.

Jiya da la'asar mun yi musanya da mai kolin bakin titi. Na ba shi agogona da ya daina tafiya, ya ba ni 'yar tocila, irin mai farin hasken nan. Ya ce, "Baba, wannan har wata take haskowa." Na ce, "Ɗana, ta nuna min takalmina ma ya isa." Zuƙi ta malle ce, ko ƙofar gida ba ta kaiwa, kuma sai an buga ta a tafin hannu take kamawa.

Amma da asuba na leƙa akurki. Ƙwan nan da kika rantse sun lalace, yau za ki zubar, na ɗora ɗaya a bakin tocilar na dunƙule hannu. Sai ga shi ya yi jajir kamar fitowar rana, jijiyoyi sun bazu kamar saiwar itace, wani ɗan abu yana motsi a hankali kamar mai juyi cikin barci. Na daɗe tsugune har na manta da ciwon gwiwata.

Na haska sauran ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu da rai, ban da biyun da na shafa wa gawayi. Su kaɗai za ki zubar, ki bar wa kaza sauran.

Mai koli na can yana murnar ya cuci tsoho. Shi ya tashi da mataccen agogo, mu da 'yan tsaki. Mai asara dai karen maƙwabta ne, sai ya yi haƙuri da biyu.